Lambar Wayata a Gilashin Motar Yohanna

Zuwa ga Uwata Rukayya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ubanki, wanda kuma ɗanki ne tunda sunan mahaifiyata kika ci. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya a ɗakinki, wanda bai fi taku goma daga nawa ba. Allah ya tsare ki a wannan tafiya ta Kalaba, ya tsare hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki a asibitin da aka tura ki aiki, ya kuma ba cikinki haƙurin abincinsu.

Na san za ki ce, "Baba, muna gida ɗaya, wasiƙar ta mece ce?" To ai kin san halina. In na zaunar da ke da niyyar magana mai nauyi, kafin in kai tsakiya na karkace na shiga barkwanci, ki yi dariya, in yi dariya, ki tashi ki tafi, maganar tana nan inda take. Takarda ba ta yi min dariya, shi ya sa na zaɓe ta. Sai dai ki tuna a aji biyu na sakandare ni da boko muka rabu ba baram-baram ba, kowa ya ga ɗan'uwansa ba zai amfane shi ba. Don haka ki ajiye jan biro.

Shekaranjiya mamanki ta miƙo min wayarta ta ce, "Malam, zo ka ga tallar 'yarka." A nan na fara gano cewa kin rufe ni daga ganin sitatus ɗinki. Ban yi fushi ba, so nake kawai wata rana ki nuna min inda ake dannawa, akwai mutum biyu a layinmu da nake son in yi wa haka. Ga abin da kika rubuta a ƙarƙashin hoton motar:

"Mota ta sayarwa. Tsaf take. Mace ce ke tuƙa ta. Ba ta da matsalar komai, saya ka tuƙa."

Na karanta sau uku, har na ji ina sha'awar in saya. Sai da na ƙura ido na gane ashe farar motata ce, wadda na shekara takwas ina ɗaukar firij ɗin mutane a bayanta daga nan Makera zuwa ko'ina, kafin in ba ki ita bara. In dai mace ce ke tuƙa ta, to ni ce macen. Na kuma yaba yadda kika tsaya ta kusurwar da lotsewar ƙofar baya ba ta fito ba. Wa ya koya miki wannan? Da gaske nake tambaya. Ni dai ban koya miki ba, amma da na gani sai na ji kamar hannuna ne ya ɗauki hoton, kuma abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Mamanki ta ce an samu mai so. Wata malamar makaranta ce daga Romi, Madam Ladi, za ta zo ranar Asabar da safe, tana neman motar da za ta riƙa kai 'ya'yanta makaranta tare da na maƙwabta. Ni da ke mun san abin da ba ki rubuta ba. Motar nan in ta yi zafi a gosulo, takan mutu tana cikin tafiya, sitiyari ya sandare. Ta yi miki a kan gada sau biyu. Bakanike uku sun duba, kowa da abin da ya canja, kuma makon jiya ta sake. Maganar da zan yi ke nan, amma bari in bi ta doguwar hanya, don ban taɓa iya gajeriya ba.

Kina goye lokacin da na sayar da motata ta farko, wata ja, tsohuwa, wadda in ta taso daga bakin layi mamanki take ɗora ruwan shayi don ta san na kusa. A wancan lokaci ba hoto ba sitatus. Wanke mota za ka yi, ka kai ta bakin titi, ka ɗora mata galan a kan rufi. Duk wanda ya ga galan ya san ta sayarwa ce. Har yau ina son in san wanda ya fara wannan. Na tambayi dillalai, na tambayi tsofaffin direbobi, kowa sai ya ce haka ya tarar. Me ya sa galan? Me ya sa ba bokiti ba? Wani mutum ɗaya ne fa ya fara, ƙila ma mantawa ya yi da shi a sama, ga shi ƙasa gaba ɗaya ta bi shi.

Na kai ta Gonin Gora, don duk mai zuwa Abuja ta nan zai bi. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne ana zuba yashi a galan ɗin. Ni na ɗora nawa fayau. Duk tirelar da ta wuce sai iskarta ta yi sama da shi, in bi shi a guje cikin masu tallar biredi da doya. Kafin azahar na bi galan ya fi sau goma. Wata mai gasa masara ta gaji da kallona ta ce, "Baba, motar kake sayarwa ko tsere kake koyo?" Ita ta cika min shi da yashi. Don haka duk inda kika je, kafin ki fara abin da kika ga mutanen wurin suna yi, ki tambayi wadda ta daɗe zaune a bakin titin. Akwai yashin da ba a gani daga nesa.

Masu saye kuma, Uwata, abin kallo ne. Kowa ya zo sai ya shuri taya. Na sha tambayar kaina abin da taya ke gaya wa ƙafa. Ni ma da na je sayen farar na shura, ban ji komai ba sai zafi a babban yatsa, amma na gyaɗa kai kamar na samu labari. Wani zai buɗe bonet ya daɗe yana kallon injin, alhali ko wurin zuba ruwa bai sani ba. Ni kuma bakina bai huta ba. Na yabi motar nan har na wuce gona da iri: ba ta shan mai, ba ta taɓa kwana a gareji ba, in ka taka ta kamar jirgi. Wani dattijo ya saurare ni har na ƙare, ya ce, "Malam, in haka take, me ya sa za ka rabu da ita?" Ya yi min sallama ya tafi. Ke kina da amsar wannan tambaya, kuma ta gaskiya ce: tafiya za ki yi, ba za ki ja tsohuwar mota har Kalaba ba. Ki faɗi wannan ki yi shiru. Yabo in ya yi yawa mai saye yakan fara neman abin da aka rufe da shi.

A rana ta huɗu wani ya zo da babbar riga da ƙamshin turare, ya ce a gwada. Na ce, "Bismilla, Alhaji." Ya karɓi makulli, na zauna a gefe. Muka nufo gari. Ya ce yana son ya ji yadda take da kaya, sai ga mu a kasuwa, aka loda buhun masara biyu da jarkar manja. Ya ce yana son ya ji yadda take da mutane, sai ga mu a ƙofar wani gida, matarsa da ƙanwarta suka shiga, har suna gaishe ni, "Sannu direba." Muka sauke su a gidan suna, muka sauke masara a gidan surukarsa. Da muka dawo allurar mai ta kwanta. Ya fito, ya shuri taya, ya ce, "Motarka ba laifi. Zan yi shawara." Har yau yana shawarar. Abin da ya fi ba ni haushi, ni na taya shi sauke buhunan.

Saboda haka ranar Asabar ke za ki zaɓi hanyar gwaji, ba mai saye ba. Ki zauna a cikin motar, kawunki Sani ya zauna a baya, na riga na gaya masa. Kada a haɗu a gida, a haɗu a garejin da kike kai ta. Wannan ba don Madam Ladi kaɗai ba, don duk wanda zai kira ki ne. Tallar waya ta fi galan nisa, kuma ba ki ganin fuskar wanda ya tsaya kallo.

Yanzu ga babbar wautar. Lokacin wayar hannu ta fara shiga hannun irinmu, na yi sabon layi, amma ba mai kirana. Sai in wuni ina ciro ta daga aljihu ina dubawa ko ta mutu. Mamanki ce kawai ke kira, ita ma don ta ce in taho da gishiri. Da na ga mako ya wuce galan bai kawo ciniki ba, sai na ce bari in rubuta lambata a gilashin baya. Masu hankali da alli ko farar ƙasa suke rubutawa, a goge da tsumma. Ni na ce ruwan sama zai wanke. Na ɗauko ragowar farin fentin mai da nake shafa wa firij, na rubuta lamba daga wannan gefe zuwa wancan, manya-manya, har sai da na rasa ta inda zan ga baya. Na ja da baya na kalla, na ji daɗi ƙwarai. Ban taɓa rubutu mai kyau irin wannan ba, ko a makaranta.

Kwana biyu da yin haka sai ga mai saye na gaske. Ki gyara zama, don kin san shi. Baba Yohanna ne, kafinta na Unguwar Boro, wanda ya yi miki teburin karatu, wanda ke kawo mana shinkafa da kaza duk Kirsimeti, mu aika masa da nama duk Layya. Ke kin tashi kin gan shi a matsayin aminina. Abin da aka gaya muku shi ne ya yi haɗari na taimake shi. Haka ne, amma daga tsakiya aka faro muku labarin.

A ranar ban san shi ba. Wani siririn mutum ne ya sauko daga bas da fensir a bayan kunne. Bai shuri taya ba. Tef ɗin awo ya ciro ya auna but, wurin kaya na baya, ya auna rufi, yana lissafin ko za ta ɗauki ƙofofi da katako. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, ni ban san mota ba, katako na sani. Akwai wani abu da ya kamata in sani a kanta?"

Akwai. Birkinta in ya yi zafi yakan tafi ƙasa gaba ɗaya, sai ka yi ta bugawa kafin ya kama. Bakanike ya gaya min abin da za a canja, na ce a bari, ai sayarwa zan yi. Da safen nan na cika man birki, kuma na san in aka gwada ta a shimfiɗaɗɗen titi na minti goma ba abin da zai nuna. Mutumin nan yana tsaye yana jiran amsa. Kin san abin da ubanki ya ce? Na ce, "Matsalarta ɗaya, rediyon ba ya kama komai sai wa'azi. In ka saya, ko ka shiryu ko ka kashe." Ya yi dariya har ya dafa motar, ya ce, "Ba komai, Malam, ni ma ina bukata." Na yi dariya. Muka gwada, muka yi ciniki, na sallama.

Ki lura, ban yi masa ƙarya ba. Na daɗe ina gaya wa kaina haka. Ban ce birki lafiya lau ba. Barkwanci kawai na ajiye a wurin da amsa ya kamata ta zauna. Ke ma, Uwata, kin gaji wannan baki. Na ji yadda kike zolayar ƙawayenki in sun tambaye ki abin da ba ki son faɗa. In Madam Ladi ta yi miki irin wannan tambaya, za ki ji wata magana mai daɗi ta taso miki har kan harshe. Ki haɗiye ta.

Yohanna ya tafi da mota, da lambata a bayanta. Ya ce zai kankare, ya gwada da reza ya ga aikin ya fi ƙarfin haƙurinsa, ya bari. Daga nan waya ta fara ƙara, ni da nake neman mai kira.

"Halo, kai ne mai jar motar nan? Zo ka janye ta, ka tare mana ƙofar shago."

"Oga, haka ake tuƙi? Ka kusa kwashe min ƙafa a mahaɗar Sabo!"

"Motar nan har yanzu tana kasuwa?"

Da farko ina bayani, na sayar, ba tawa ba ce. Ba mai yarda. Wata mata ta ce, "In ba taka ba ce uban wa ya rubuta lambarka?" Na ce ni ne, ta ce to ka gani. Daga baya na gaji, duk wanda ya kira sai in ce, "Yi haƙuri, ba zan ƙara ba." Na ba da haƙuri a kan tuƙin da ban yi ba ya fi a ƙirga. Mamanki ta ce in canja layi, na ƙi. Gaskiyar magana, daɗin abin nake ji. Ina zaune a shago da kwampireson firij a gabana, amma na san inda motata take. Yau tana Romi an tare hanya, gobe tana hanyar Kachia da katako ya leƙo ta taga, ranar Lahadi tana ƙofar coci ta hana wani fita. Na san ranar da ya kai ƙofofi wani sabon gini, na san ranar da taya ta fashe masa. Sai in riƙa tunanin wane irin mutum ne wannan, me yake ci, 'ya'yansa nawa. Kuma duk kiran da ya shigo, kafin in ɗauka sai gabana ya ɗan faɗi, don ni kaɗai na san abin da nake jira.

Kiran ya zo bayan wata biyar, ranar wata Talata bayan la'asar. Wani ya ce, "Kai ne ɗan'uwan mai jar mota? Ka zo Gonin Gora yanzu." Na ce me ya faru, ya ce ka dai zo.

Na tarar da motar ta kifa hanci a kwalbati, ƙofofin da ya ɗauko sun watse a titi. Waɗanda suka gani sun ce ya gangaro, motocin gaba suka tsaya, shi bai tsaya ba. Gabansa bas cike da mutane, damansa masu talla, sai ya karya sitiyari ya zaɓi kwalbati. Ba wanda ya ji ciwo sai shi. An fito da shi an kwantar a gefe, ƙafar dama ta karye wuri biyu. Ba a san kowa nasa ba, wayarsa ta fashe, lambar da ke gilashi kaɗai aka gani. Gilashin gaba ya yi rugu-rugu, na baya ko tsagewa bai yi ba, rubutuna na nan fes.

Da ya gan ni ya gane ni. Ya kama hannuna ya ce, "Malam Sabo, kai ne ka zo? Allah ya yi maka albarka. Birki ne ya ƙi." Na ce, "Sannu. Sannu." Abin da na iya ke nan. Wannan karon ko barkwancin bai zo ba.

Na kai shi asibiti, na nemo matarsa, na yi ta zirga-zirga har aka sallame shi. Da aka zo maganar hukuma kuma sai ga takardun mota duk da sunana, don ba mu canja ba, mun ce sai an samu lokaci. Na yi kwanaki ina amsa tambayoyi a kan motar da na sayar. Ke kada ki bar wannan: a rubuta takardar sayarwa, shaidu su sa hannu, a canja suna kafin ki hau motar Kalaba, ba bayan kin tafi ba. Makulli kuma kada ki miƙa sai bankinki ya tabbatar miki da bakinsa cewa kuɗi sun shiga, ba saƙon waya ba. Na faɗi wannan a nan ne don kada in manta, amma ba shi ne ya sa na ɗauki biro ba.

Mutanen Unguwar Boro suka ɗauke ni wani waliyyi. Matarsa ta riƙa gaya wa maƙwabta, "Ku ga Bahaushen da ya sayar masa da mota kawai, amma ya tsaya masa kamar ɗan'uwa." Duk lokacin da ta faɗa sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado. Ɗingishin da kika san Baba Yohanna da shi, wanda kuna yara kuke kwaikwaya yana bin ku da sanda yana dariya, daga nan ya samo shi. Tun daga ranar bai ƙara hawa rufin gini ba, aikin da ya fi kawo masa samu, ya koma kujeru da tebura a ƙasa. Teburinki ma da ya kawo na yi-na yi ya karɓi wani abu, ya ce in na ƙara magana zai mayar da shi. Kin yi shekara shida kina karatu a kansa, ni kuwa ko kofin shayi ban taɓa iya ɗorawa a kai ba.

Abin da na kasa ganewa shekara ashirin da wani abu shi ne: ya sani ko bai sani ba? Wata rana muna zaune a shagonsa yana goge wata kujera, ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Ka san birkin jar motar nan, tun makon farko na ji shi wani iri." Na jira. Sai ya hure ƙurar katako ya ce, "Miƙo min wancan guduma." Shi ke nan. Na juya maganar nan a kaina ta kowace fuska. Ko yana nufin laifinsa ne da bai kai gyara ba? Ko buɗe min ƙofa ya yi ya ga ko zan shiga? In ya sani, wane irin mutum ne zai sani ya ci gaba da kawo maka kaza? In bai sani ba, wa yake kawo wa kazar, ni ko wani mutumin kirki da yake zaton ni ne? Ina gyara firij, in abu ya ƙi sanyi na san inda zan buɗe in duba. Wannan na san inda zan buɗe, hannuna ne ya ƙi.

To, Uwata, ga abin da nake roƙo, kuma ɗa ne ke roƙon uwarsa. Ki sauke tallar nan ki sake ta. Ki ɗauki hoto da safe ta gefe huɗu, har da lotsattsiyar ƙofar. Ki cire "mace ce ke tuƙa ta", ko don mutuncin gemuna. Ki rubuta abin da ke da kyau, don akwai: injin bai taɓa sauka ba, giya lafiya, takardu cikakku, kujerun baya sun ga firij amma sun yafe. Sannan ki rubuta cewa takan mutu in ta yi zafi, an duba ba a gano ba tukuna. Na san abin da zai biyo baya. Waɗansu za su daina kira, waɗanda suka kira za su taya ta kamar suna taya tsohon keke, ke kuma kina da kama ɗaki a garin da ba ki san kowa ba, kin sa rai da abin da motar za ta kawo. Ban raina wannan ba. Ni ma ba don mugunta na yi shiru ba, don bukata ce, kuma bukatar gaske. Yau ko tuna abin da na yi da kuɗin ba na yi sosai, ƙafar Yohanna kuwa ina ganinta duk mako.

In ma ba ki sake tallar ba, ranar Asabar kafin Madam Ladi ta taɓa makulli ki gaya mata da bakinki. Ki gaya mata sau nawa, da inda ta yi, da yadda sitiyari ke yi. Ki ce ta zo da bakanikenta, a bar motar tana aiki a rana har ta yi zafi, ta gani da idonta. Ƙila ta fasa. Ƙila ta ce a rage kuɗin, ta kai wa bakaniken da ya fi namu sani. Ƙila wani mai gareji ya saya don kayanta. Duk wanda ya faru, ba za ki zauna a Kalaba kina jin faɗuwar gaba duk lokacin da baƙuwar lamba ta Kaduna ta kira ki ba. Motar da za a cika da yara ce, Rukayya, a hanyar Romi da safe, lokacin da gosulo ya fi tsanani.

Ba zan tsaya a kanki ba. Motar taki ce, na ba ki, kuma mutumin da ya yi abin da na yi ba shi da bakin ba da umarni. Ranar Asabar ma ba za ki gan ni a garejin ba. Na gaya wa mamanki in na karya zan hau keke zuwa Unguwar Boro. Ta ce me za ka yi, na ce kujera zan duba. Ba ta yarda ba, amma ta goge min riga. Ban san ta inda zan fara ba, kuma ina tsoron in na isa bakina ya kawo wani shirme mu yi dariya in dawo. Ki yi min addu'a kada shirmen ya zo.

Abu ɗaya nake so ki yi min. In kin gaya wa Madam Ladi, ki dubi fuskarta da kyau. Na shekara sittin da ɗoriya, na sayi mota biyu, na sayar da ɗaya, na raka mutane ciniki ba adadi, amma ban taɓa ganin fuskar mai saye a lokacin da aka gaya masa gaskiya ba. Ban san ko fushi ake yi ba, ko mamaki, ko godiya. In mun haɗu da yamma ki ba ni labarin tata, in ba ki labarin ta Yohanna.

Allah ya yi miki albarka, ya kai ki lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya tsare duk wanda zai zauna a motar nan bayanki. Mamanki na gaishe ki, ko da yake tana tsakar gida kina jin muryarta.

Ubanki kuma ɗanki,
Sabo mai firij